Gani Bai Kori Ji Ba: Martanin Masu Kallo ga Finafinan Ayarin Voulet da Chanoine a Ƙasar Ƙonni

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda masu kallo ke karɓar finafinan da aka gina kan tarihi mai ɗaci. Ta ɗauki misali da ayarin sojan Faransa da ya ratsa arewacin ƙasar Hausa a 1899 a ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, wanda ya rushe Birnin Ƙonni. An bi tushen tarihin, an waiwayi al'adar kallon finafinan kaboyi a Nijar, sannan aka auna finafinai uku da aka yi kan wannan ayari tare da irin karɓar da suka samu. Matsayar takardar ita ce, idan tarihin na kakannin mai kallo ne, yawan jini da munin magana a allo ba su ne ma'auninsa ba. Abin da yake dubawa shi ne wanda aka ba bakin magana, da harshen da aka yi maganar, da abin da zai biyo bayan kallon.

1.0 Gabatarwa

Tun farkon shekarun 2000 wani salon wasan kwaikwayo na talabijin ya yi ƙarfi a Amurka da Turai, wanda ke nuna tarihi ba kwaskwarima. Jarumi a cikinsa ba tsarkakakke ba ne, titi cike yake da taɓo, baki cike da ashar, idan aka zo kisa kuma ba a kau da kyamara. Masu wannan salo suna ganin da haka ne ake kusantar gaskiyar abin da ya faru. Fitaccen misalinsa shi ne Deadwood, wanda tashar HBO ta nuna daga 2004 zuwa 2006 cikin kashi 36, kan wani sansanin masu haƙar zinariya a yammacin Amurka a 1876.

Sai dai fim ba ya kallon kansa. Masanin al'adu Stuart Hall ya nuna tun 1973 cewa saƙon talabijin ba ya isa ga jama'a yadda aka aiko shi: wani ya karɓa duka, wani ya karɓi rabi ya gyara rabi, wani kuwa ya juya shi gaba ɗaya. Ƙasar Ƙonni, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wuri ne da ya dace a gwada wannan magana. Mutanen Birnin Ƙonni da na garuruwan kewaye, daga Malbaza da Galmi har Tajaye da Illela, suna zaune ne kusa da inda aka yi ɗaya daga cikin mafi munin kashe-kashen zamanin zuwan Turawa a Afirka ta Yamma. An mai da wannan kisa fim aƙalla sau uku, kuma kowane fim da idon da aka ɗauke shi.

2.0 Tushen Tarihi

2.1 Dalilin tafiyar

A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar raba ƙasashen da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi. Aka ja wani baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, daga birnin Sakkwato, aka ce abin da ke cikinsa rabon Ingila ne. Birnin Ƙonni bai kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, don haka ya faɗa ciki, alhali a lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman na kan gadonsa, Ingila ba ta ci Sakkwato ba sai a 1903. Abin da aka bar wa Faransa a arewacin bakan ƙasa ce mai ƙarancin rijiyoyi, mai wuyar ratsawa ga babban ayari.

Burin Faransa shi ne ta haɗe yankunanta a bakin tafkin Chadi. Ta tura ayari uku: na Foureau da Lamy daga Aljeriya, na Gentil daga Kwango, sai na Voulet da Chanoine daga yamma. Mutanen biyu ba baƙin zalunci ba ne, domin su ne suka ci Wagadugu a 1896, kuma an san irin hannun da suka sa. Mahaifin Chanoine janar ne, ya ma riƙe muƙamin ministan yaƙi a 1898. Kuɗin da aka ware wa tafiyar kaɗan ne, saboda haka tun daga tushe an bar ayarin ya ci daga abin da ya tarar a hanya. Turawan cikinsa ba su kai goma ba. Sauran sojojin Afirka ne da tafintoci da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, ga matan da ake kamawa gari bayan gari, har taron ya kusa mutum 2,000. Duk garin da irin wannan taro ya sauka, rumbunansa da rijiyoyinsa sun shiga uku.

2.2 Daga Sansane Hausa zuwa Maijirgi

A watan Janairu na 1899 ayarin ya haɗu a bakin Kwara, ya afka wa Sansane Hausa, aka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara. A ƙarshen watan aka kori wani hafsa, Laftanar Peteau. Wasiƙar da ya rubuta wa matar da zai aura, inda ya zayyana ta'asar, ita ce ta kai ga ministan yankunan mallaka a Paris, aka umarci Laftanar-Kanar Klobb da ya bi sawun ayarin.

Kafin ya cim musu an yi ɓarna mai yawa. A ranar 16 ga Afrilu suka gwabza da Aznan Lugu, a ƙasar Arewa, ƙarƙashin Sarauniya Mangu. Rahoton Faransawa ya ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma harba harsashi kusan 7,000 kafin su shiga garin. A farkon watan Mayu suka iso Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa, suka fasa shi, suka ƙone shi. Alƙaluman waɗanda aka kashe sun sha bamban tsakanin marubuta, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, amma kowa ya yarda nan ne kisan ya fi muni. Daga nan suka nausa gabas ta ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi. Klobb ya rubuta a littafin tafiyarsa abin da ya riƙa tararwa: ƙauyuka sun zama toka, gawarwaki ko'ina, 'yan mata rataye a rassan itace a Koran Kalgo.

Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Ya kuma shaida wa hafsoshinsa cewa shi ya bar Faransa, zai kafa daular kansa. Bayan kwana biyu sojojinsa na Afirka suka juya, suka kashe Chanoine ranar 16, suka kashe Voulet ranar 17. Kaburburansu suna Maijirgi. Amma ayarin bai watse ba. Ragowarsa suka ci Damagaram a ƙarshen wannan watan, daga baya hafsoshi biyu, Joalland da Meynier, suka kai ayarin Chadi, inda ayarin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900.

2.3 Yadda aka rufe maganar

Abin da ya girgiza Faransa kisan Klobb ne, ba kisan Ƙonni ba. Lamarin ya zo daidai da rikicin shari'ar Dreyfus, lokacin da rundunar soja ke kare martabarta ta kowace fuska. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta yi bincike, aka ƙi. Bayanin da ya samu karɓuwa shi ne cewa zafin rana da kaɗaicin yankin ne suka taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. Da haka laifi ya koma kan matattu biyu da yanayin Afirka, ƙasar da suka ci kuwa ta zauna a hannun Faransa. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyaka don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram, Ƙonni ta koma ɓangarenta. Wannan bayani na hauka shi ne mabuɗin fahimtar finafinan da suka biyo baya, domin kowannensu ko dai ya jingina da shi ko ya yi jayayya da shi.

3.0 Idon da Kaboyi Ya Horar

Masu kallo a Nijar ba su zo wa waɗannan finafinai da ido sabo ba. A shekarun 1950 da 1960 finafinan kaboyi na Amurka ne suka cika silimomin biranen Afirka, matasa suka ɗauki hula da tafiya da sunayen jarumansu. A Kinshasa har ƙungiyoyin samari aka yi masu kwaikwayon Buffalo Bill, kamar yadda masanin tarihi Didier Gondola ya nuna. A Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya yi shekaru masu yawa a garin Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya mai da wannan yayi fim a 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo gida da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Fim ɗin raha ne, amma darasinsa a fili yake: abin da aka kalla yana iya sauka daga allo ya shiga gari.

Zalika Souley, wadda ta fito a wannan fim kuma take cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a Afirka ta Yamma, ta ɗanɗana wani ɓangaren wannan lamari. Kamar yadda fim ɗin Rahmatou Keïta mai suna Al'leessi ya nuna, jama'a da dama ba su raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu ba, suka riƙa yi mata kallon marar kamun kai. Wannan shaida ce cewa a wurin masu kallo da yawa fim ba wasa ba ne kawai, magana ce da ake riƙe mai ita da ita.

Fim ɗin kaboyi yana koya wa mai kallo ya bi bayan mai bindiga da doki, ya ɗauki 'yan asalin ƙasa a matsayin cikas a hanya. Binciken da JoEllen Shively ta buga a 1992 ya nuna ƙarfin wannan horo. Ta nuna fim ɗin The Searchers na 1956 ga maza 20 'yan asalin Amurka da Turawa 20 da ke zaune a yanki ɗaya. Dukkansu suka so fim ɗin, mafi yawansu kuma suka bi bayan jarumin fim ɗin, John Wayne. Bambancin shi ne, Turawan sun ɗauke shi tarihin kakanninsu na gaskiya, su kuwa 'yan asalin ƙasar abin da ya burge su shi ne rayuwar 'yanci a fili, ba su ɗauke shi tarihi ba. Ɗaliban jami'a 'yan asalin ƙasar da ta gwada da su tun da farko sun ƙi fim ɗin saboda yadda ya siffanta mutanensu. Ke nan sanin tarihi yana sauya gefen da mai kallo ke tsayawa.

A yau kallo ya bar silima ya koma gidajen kallo, da tauraron ɗan'adam, da wayar hannu. A garuruwan iyaka irin su Ƙonni, wadda ke fuskantar Illela ta jihar Sakkwato, finafinan Kano da fassarar finafinan Indiya da shirye-shiryen tashar Arewa24 suna shigowa kamar yadda kayan kasuwa ke shigowa. Wannan ya saba wa jama'a da jin kowane labari da Hausa, abin da ke da tasiri a kan hukuncin da suke yanke wa fim ɗin tarihi.

4.0 Finafinai Uku, Ido Uku

4.1 Sarraounia, 1986

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya gina wannan fim kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, kuma da gangan ya nemo jaruma daga tarihin ƙasarsa don ya tsayar da ita gaban labarin Turawa. An shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar, amma gwamnatin Seyni Kountché ta janye kafin a fara, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin. Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, a Faransa kuwa bai daɗe a silimomi ba.

Hondo bai ɓoye ta'asar ba: ƙone-ƙone, da sare kawuna, da rabon mata ga sojoji duk suna ciki. Amma tsakiyar labarin Lugu ce, kuma haukan Voulet a nan sakamakon turjiyar da ya gamu da ita ne, ba na zafin rana ba.

4.2 Capitaines des ténèbres

A tsakiyar shekarun 2000 Serge Moati ya yi wa talabijin ɗin Faransa wannan wasan kwaikwayo. Moati ya san Nijar, domin shi ne ya ɗauki fim kan yadda Moustapha Alassane ya shirya nasa na kaboyi a 1966. Wasan bai sassauta wa hafsoshin ba, ya nuna su cikin muninsu. Sai dai kyamara tana tare da su daga farko har ƙarshe: burinsu, da gardamarsu, da yadda hankalinsu ke zamewa. Sunan wasan kansa yana nuni ga littafin Joseph Conrad, Heart of Darkness, wanda aka fara bugawa a 1899, a watannin da ayarin ke kan hanya. Mutanen garuruwan da aka ƙone suna nan a allo, amma a matsayin waɗanda abu ya faɗa wa, ba masu ba da labari ba. Muryarsu ta fi fitowa a wani fim na gaskiya da Manuel Gasquet ya yi a gefen wannan aiki, Blancs de mémoire, wanda ya bi sawun ayarin yana jin ta bakin mazauna hanyar.

4.3 African Apocalypse, 2020

Wannan fim na Rob Lemkin ba wasan kwaikwayo ba ne zalla, tafiya ce da aka haɗa da tsofaffin hotuna. Femi Nylander, matashi ɗan Ingila mai tushe a Nijeriya, ya bi babbar hanyar mota ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta kusa bin sawun ayarin, tare da Amina Weira da Assan Ag Midal. Sun tsaya a garuruwan da abin ya shafa, har da Birnin Ƙonni, inda dattawa suka faɗi abin da suka ji daga kakanninsu. An fara nuna shi a bikin finafinai na Landan a 2020, BBC ta nuna shi a 2021, daga baya aka yi masa fassarar Hausa, tashar Arewa24 ta watsa shi. Shi ma ya rataya a kan Conrad, amma a nan jikokin waɗanda aka kashe ne ke magana da bakinsu.

5.0 Fuskokin Martani

5.1 Wa aka ba bakin magana

Ga mai kallo na nesa, tambayar da ayarin ke tayarwa ita ce yadda mutum mai ilimi da horo ke zama dodo. Tambaya ce mai ma'ana, kuma ita wasan Moati ya bi. Ga wanda aka haifa a Ƙonni kuwa, halin zuciyar Voulet ba shi ne abin damuwa ba. Abin da ke gabansa shi ne garin da aka rushe, da zuriyar da ta watse, da kuma sanin cewa mutuwar hafsoshin biyu ba ta mai da komai ba. Fim yana iya la'antar azzalumi daga farko har ƙarshe, amma ya bar shi shi kaɗai ne mutum cikakke a allo.

Haka abin yake a Deadwood. Mai shirya wasan, David Milch, ya ɗauko mutanen gaske, irin su Seth Bullock da Al Swearengen da Wild Bill Hickok, wanda aka harbe a garin ranar 2 ga Agusta 1876. Amma garin kansa an kafa shi ne a duwatsun Black Hills, ƙasar da yarjejeniyar 1868 ta tabbatar wa al'ummar Lakota kafin a gano zinariya a 1874. A wasan, Lakota kusan ba a ganin su, sai dai a ambace su da tsoro ko zagi. A 1980 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa an karɓe ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta ba da diyyar sama da dala miliyan 100, suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu suke so. Wasan da aka yaba da rashin ɓoye muni ya bar mafi girman munin a bayan fage.

5.2 Harshe

Muhawarar da ta fi zafi tsakanin masu kallon Deadwood ita ce ta ashar. Milch ya bayyana cewa zagin mutanen 1876 ya fi karkata ga saɓon addini, wanda zai ba mai kallo na yau dariya, don haka ya sa musu ashar ta zamani a baki. Wato an sauya harshen tarihi don a samu tasirinsa. A ƙasar Ƙonni matsalar harshe ta wata fuska ce. Da yake a Burkina Faso aka ɗauki Sarraounia, yawancin maganar cikinsa da Julanci da Fulatanci da Faransanci aka yi ta, ba da Hausar mutanen Lugu ba. Wasan Moati kuwa da Faransanci yake. Manomin Tajaye ko mai sayar da albasa a Galmi da bai yi lakwal ba yana buƙatar tafinta kafin ya ji labarin ƙasarsa. Fassarar Hausa ta African Apocalypse ce ta cike wannan giɓi, ta sa labarin ya zama abin da za a kalla a tsakar gida, a kuma tattauna a majalisa. Batun ya ƙara nauyi tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025.

5.3 Muni da kunya

Salon nuna komai a fili ya ginu ne kan zaton cewa mai kallo bai sani ba, sai an girgiza shi. Inda aka gaji labarin, wannan zato bai tsaya ba. A al'adar Hausa babban bala'i ba a cika zayyana shi dalla-dalla ba, musamman abin da ya shafi mutuncin mata. Akan ambace shi a taƙaice, a yi shiru, a yi addu'a. Fim ɗin da ya tsaya yana nuna tsiraici ko fyaɗe don ya tabbatar da gaskiyarsa yana iya zama wanda ba a kallo gaban iyaye da surukai, sai ya rasa mutanen da ya fi shafa. Wannan ba ya nufin ana son sanyin zuciya. A cikin African Apocalypse an ga abokan tafiyar Nylander 'yan Nijar suna tuhumarsa da cewa ba su ga alamar abin ya taɓa shi ba bayan duk abin da ya ji. Abin da ake nema a wurin mai ba da labarin shi ne alhini da ladabi, ba yawan jini ba.

5.4 Tsakanin tarihi da ƙirƙira

Takardun Faransa sun ambaci Sarauniya Mangu ne a 'yan layuka kaɗan, kuma sun nuna an ci Lugu, mutanenta suka janye cikin daji. Littafin Mamani da fim ɗin Hondo ne suka ɗaga ta daga shugabar Azna ta wani yanki zuwa jarumar ƙasa, kamar yadda masu nazari irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho suka nuna. Jama'a sun karɓi wannan siffa hannu biyu: akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, hukumomin da suka hau mulki a 2023 kuma sun ƙirƙiro lambar girma da sunanta. A nan masu kallo ba su hukunta fim da ma'aunin takardun ajiya ba. Sun yafe masa ƙarin gishiri domin ya ba su abin da takardun suka hana su, wato mutum nasu a tsaye.

Wannan yana da tsadarsa. Hasken da aka zuba wa Lugu ya sa Ƙonni, inda aka fi asarar rayuka, ta zama wurin ratsawa a labarin. Turjiya ta fi daɗin kallo a kan rushewa. Sannan fim ɗin ya nuna sarakunan Musulmi na kewaye suna ƙyamar Sarauniya saboda addininta, abin da ba kowane mai kallo ba ne zai ji daɗinsa a yankin da ke da daɗaɗɗiyar alaƙa da Sakkwato, ko da yake al'adun Azna ba su gushe ba a wurare irin su Masalata kusa da Ƙonni.

5.5 Abin da ke da wuyar kallo

Akwai gefen tarihin da ba ya barin kowa ya wanke hannunsa. Mafi yawan waɗanda suka harba bindiga a Ƙonni 'yan Afirka ne, wasu sarakuna sun ba ayarin jagora don su rama wa abokan gabarsu, matan da aka kama kuwa sun shiga wani tsarin bauta da ya riga Turawa zuwa, ya kuma daɗe bayansu. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokarta, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a wannan yanki. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya gina kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana cikin 'yan kaɗan da suka taɓa batun bauta da Hausa. Karɓar fim ɗin da ke tuhumar baƙo abu ne mai sauƙi. Gwajin gaske shi ne fim ɗin da ke tuhumar na gida.

5.6 Daga kallo zuwa neman hakki

Wasan talabijin yana iya motsa hukuma. A watan Janairu na 1979 kimanin mutum miliyan 20 suka kalli wasan Holocaust a Jamus ta Yamma, kuma muhawarar da ya tayar tana cikin abubuwan da suka share fage majalisar ƙasar ta soke wa'adin hukunta laifin kisan kai a wannan shekarar. A Nijar ma aikin African Apocalypse bai tsaya a allo ba. Wakilan al'ummomin da ayarin ya ratsa sun kai koke Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2025 kuma wakilinta na musamman kan gaskiya da adalci da diyya, Bernard Duhaime, ya rubuta wa gwamnatin Faransa. Faransa ta amsa cewa a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, ba tare da ta amsa laifi ba. Wannan ya zo ne bayan ficewar sojojinta daga ƙasar a watan Disamba na 2023, a lokacin da maganar mulkin mallaka ta dawo bakin kowa.

6.0 Kammalawa

Finafinan uku sun yarda kan abin da ya faru a 1899, sun saɓa kan wanda labarin yake nasa. Wasan Moati ya bi hafsoshi, fim ɗin Hondo ya bi jaruma, na Lemkin ya bi jikoki. Karɓar da kowannensu ya samu ta nuna cewa tsananin abin da aka nuna ba ya isa ya sa a yarda da fim. Mai kallon da ya gaji tarihin yana auna abin da ya gani da abin da ya ji a gida, yana duba ko da harshensa aka yi magana, ko an kiyaye mutuncin matattunsa, ko kuma kallon zai kai ga wani abu.

Daga nan ayyuka uku ke fitowa ga masu nazari da masu shirya fim: a tattara labaran baka na Ƙonni da garuruwan kewaye tun masu riƙe da su suna raye, a fassara finafinan da ake da su zuwa Hausa, a kuma shirya wasan da zai sa Birnin Ƙonni a tsakiya, da mutanensa kafin watan Mayu na 1899 da bayansa, ba tare da an tsallake rawar da 'yan ƙasa suka taka a kowane ɓangare ba.